Kundin aiki: ɗaukar hoton agogon hannu kusa-kusa da tsohon lensi

9 ga Nuwamba, 2024

Abin da na sa a gaba shi ne in ɗauki hoton agogunan hannun da ke wurina ɗaya bayan ɗaya, kusa sosai, yadda mai kallo zai ga abin da ido ba ya kamawa: bakin lamba, haƙoran ƙarfe, wurin da fenti ya fara tashi. Ba hoton talla nake nema ba. So nake kowane agogo ya fito da shekarunsa a fuskarsa. Kuma ba agogunan alfarma ba ne. Akwai Seiko 5 mai wana kansa, akwai Casio F-91W, akwai wani babba mai injin Unitas 6497 wanda bayansa gilashi ne, sai wani tsoho ƙirar Suwizalan da ake wanawa da hannu, fuskarsa ta riga ta rine.

Kyamarar ƙarama ce, Panasonic Lumix GX7 ta shekarar 2013, 'yar gidan tsarin Micro Four Thirds da Olympus da Panasonic suka fito da shi a 2008. Lensin kuwa ya girme ta da shekaru masu yawa: Micro-Nikkor 55mm f/3.5, wanda Nikon ta ƙera don kyamarar fim. Ba wayar lantarki ko ɗaya a jikinsa. Da hannu ake saita gani, da hannu ake buɗe ƙofar haske a rufe.

Dalilin da ya sa suke haɗuwa lissafi ne mai sauƙi. Tsofaffin kyamarorin Nikon suna da madubi a ciki, saboda haka tazarar da ke tsakanin mazaunin lensi da fim milimita 46.5 ce. Wannan ƙaramar ba ta da madubi, tata tazarar milimita 19.25 ce kacal. Bambancin, milimita 27.25, shi adafta yake cikewa. Bututun ƙarfe ne kawai, ba gilashi a ciki, don haka ba ya ƙara wa hoto komai, ba ya rage masa komai. Sai dai dole a shiga saitin kyamara a ba ta izinin ɗauka ba tare da lensi ba, domin ita a ganinta babu komai a gabanta.

16 ga Nuwamba

Yau awo na yi, ban damu da kyan hoto ba. Na shimfiɗa rula a kan tebur, na murza lensin har ƙarshe, na duba milimita nawa suka shiga. Faɗin da ya shiga ya kusa 35, tsayi 26. Haka ya kamata, domin sensar kyamarar, wato farantin da hoto yake sauka a kai a madadin fim, milimita 17.3 ce a faɗi, 13 a tsaye, lensin kuma iyakarsa 1:2, wato abu yana sauka a kan sensa da rabin girmansa.

Nan na ga ribar ƙaramar sensa. Agogo mai faɗin milimita 37 ko 38 ba ya ma shiga gaba ɗaya a 1:2, sai na ja baya zuwa wajen 1:3. Ke nan ga hoton fuska sukutum, lensin yana da sauran ƙarfi a ajiye. In ana son 1:1 sai a ƙara zobe tsakanin lensi da adafta. Nikon ta ƙera nata, PK-13, mai kaurin milimita 27.5. Lensin da kansa yana miƙewa milimita 27.5, zoben ya ƙara wasu 27.5, jimla 55, daidai da tsawon lensin. Da zarar miƙewa ta kai tsawon lensi, girma ya kai 1:1. A nan tagar kwanan wata da lamba biyu na gefenta sun isa su cika hoto.

Masu cewa sai sabon lensi mai saita kansa, ban ga hujjarsu a wannan aikin ba. Agogo ba ya gudu. Kuma a irin wannan kusancin, ko mai sabon lensi kashe saitin yake yi ya koma hannu.

24 ga Nuwamba

Haske. Nan aikin yake, kuma nan zan daɗe.

Jikin agogo gogaggen ƙarfe ne, samansa gilashi, hannayensa ma gogaggu. Duk wanda ya saita kyamara a kansa, ba agogon kaɗai yake ɗauka ba, yana ɗaukar duk abin da agogon yake kallo. A hotunan farko ga taga a gilashi, ga ƙwan fitila, ga baƙin da'irar lensin kansa a tsakiyar fuska. Hannun minti kuma ya fito baƙi ƙirin alhali fari ne sol a ido, saboda rufin ɗaki mai duhu yake haskowa.

Ƙa'idar guda ce: kusurwar da haske ya sauka a kan abu mai santsi, da ita yake tashi. Saboda haka tambayar da nake yi yanzu kafin in taɓa fitila ita ce, in lensi ya kalli wannan gefen ƙarfen, ina ƙarfen zai tura ganinsa? Can zan ajiye farin abu. Na samo farar takarda mai shara-shara, irin wadda masu zane suke kwafi da ita, na lanƙwasa ta a saman agogon kamar rumfa, fitila tana bayanta. Takardar ita ta zama tushen hasken. Nan take hannayen suka yi fari, gefen jikin ya samu doguwar shimfiɗar haske mai laushi.

Amma fari zalla ma matsala ne. Da na rufe ko'ina da takarda, ƙarfen ya rasa siffa, ya zama kamar roba mai toka-toka. Ido yana gane ƙarfe ne ta wurin haɗuwar fari da baƙi a jikinsa. Sai na yanka siririn baƙin kwali, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba, na riƙa zagayawa da shi ina kallon allon kyamara. Akwai wani wuri, can hagu sama kaɗan, da na kai shi sai wani baƙin layi ya kwanta a bakin ƙafar da maɗauri yake shiga, ya raba gefen da aka goge da saman da aka yi wa zane-zanen buroshi. Kafin wannan layin ban san maƙerin ya karkata wannan bakin ba, duk da shekarun da agogon ya yi a hannuna. Na matsar da kwalin da faɗin farce, layin ya ɓace. Na mayar, ya dawo. Na liƙe shi a nan.

Inuwar lensin a gilashi kuwa, karkata agogon kaɗan ya kore ta. In dole sai an ɗauka kai tsaye, sai a huda farin kwali daidai bakin lensi a leƙa ta ciki, abin da zai rage ɗigo ne ƙarami da ake iya ɓoyewa a kan gindin hannaye.

1 ga Disamba

Ƙura. Agogon da na rantse fes yake, a 1:2 sai ga zaruruwa da ɗige-ɗige ko'ina. Tsarin da na tsaya a kai: ƙyalle mai laushi, sannan famfon roba na hura iska, sannan Rodico, koren danƙon nan na kamfanin Bergeon da masu gyaran agogo suke ɗauke datti da shi. Ba a hurawa da baki, danshi yake bari. Ana gama sharewa a ɗauka, don ƙurar ba ta jira.

Na kuma lura hotunan da fitila take kusa da bakin lensi suna yin hazo a tsakiya. Na leƙa cikin adaftan, marar suna ne, cikinsa yana sheƙi. Na liƙa masa baƙin ƙyalle marar ƙyalli a ciki, hazon ya tafi.

14 ga Disamba

Makon nan na ƙofar haske ne, kuma ya fi ƙarfin a wuce shi da sauri.

A kusa, kaurin wurin da yake fitowa tas siriri ne ƙwarai. A lissafi, a wannan sensar, 1:2 da f/8 (lambar ƙofar haske ke nan, in ta ƙaru ƙofar ta ƙanƙance) yana ba da wajen milimita ɗaya da rabi. A 1:1 bai wuce rabin milimita ba. Alhali daga fuskar agogo zuwa saman hannun sakan akwai hawa uku: hannun awa, na minti, na sakan, kowanne a saman ɗan'uwansa. In rubutun fuska ya fito, hannun sakan ya dushe. In na kama hannun, rubutun ya narke.

Abin da zuciya take raya wa mutum shi ne ya ƙara rufe ƙofar, ya kai f/16 ko f/22. To a nan akwai tarko biyu. Na farko, lambar da ke jikin lensi ba ita ce ta gaskiya ba idan lensi ya miƙe. Ana ninka ta da girma haɗe da ɗaya: a 1:2, f/8 tana aiki kamar f/12, a 1:1 kamar f/16. Haske ya ragu ninki huɗu ke nan a 1:1. Na biyu, haske in ya matsu ta ƙaramin rami bazuwa yake yi. Ɗigon da ya kamata ya sauka a wuri guda sai ya zama 'yar da'ira, kuma a f/16 ta gaskiya faɗinta ya kai wajen maikiron 21 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Kowane fiksil, wato ɗigon da ke kama haske, na wannan sensar bai kai maikiron 4 ba. Ɗigo ɗaya ya mamaye fiksil biyar ke nan a jere.

Na gwada da idona a kan ƙaramin rubutun da ke ƙasan lamba shida. A f/3.5 tsakiya ta yi kyau amma kaurin ba shi da amfani. A f/5.6 har ana ganin yadda tawada ta ɗan kumbura a kan fuska, bakin kowane harafi yana da tudu. A f/8 kusan haka. A f/11 tudun ya fara kwanciya. A f/16 harafin yana nan, ana karanta shi, amma tawadar ta zama zane kawai, ba jiki. Na tsaya a f/5.6 in ina 1:1, f/8 in na ja baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne kusurwoyin hoto. An ƙera irin wannan lensin ne har da kwafar takardu a zuciya, don haka shimfiɗaɗɗen abu yana fita daidai daga tsakiya har gefe, layi ba ya lanƙwashewa. Ƙari a kan haka, ƙaramar sensa tsakiyar da'irar hoton kawai take ɗauka, inda lensi ya fi kaifi.

Girgiza kuma abokiyar gaba ce. Kyamara tana kan mai ƙafa uku, na kashe na'urar hana rawa, na sa jinkirin sakan biyu, ISO, ma'aunin saurin jin hasken sensa, a 200. Shata, wadda take buɗe wa sensa haske ta rufe, iri biyu ce a kyamarar. Ina amfani da ta lantarki don kada bugun ta ƙarfe ya motsa komai. Da ita ne wata fitilar ta jawo ratsi-ratsi a hoto, domin fitilar da ke kan wutar gida tana ƙyaftawa sau 100 ko 120 a sakan, gwargwadon wutar ƙasa. Rage gudun shata ya share su.

28 ga Disamba

Na saka gilashin tace ƙyalli, mai faɗin milimita 52 daidai bakin lensin. A kan gilashin agogo yana aiki, amma sai an kalle shi a karkace, wajen digiri 56, nan ne yake shanye ƙyallin kusan duka. Kai tsaye ba ya yin komai. A kan tsiraicin ƙarfe ma ba ya tasiri, wannan aikin takarda da kwali ne.

A kan Casio kuwa sai da na tsaya. Ina murza gilashin a hankali, allon lambobin ya fara duhu, ya yi duhu, har ya zama baƙi gaba ɗaya kamar batir ya mutu. Na ci gaba da murzawa, lambobin suka dawo, kuma suka fi yadda ido yake ganinsu fitowa. Allon irin wannan agogon yana da nasa matacin hasken a sama, to in biyun suka gitta juna babu abin da zai wuce. Agogon da aka fara sayarwa tun 1989, na roba, amma a 1:1 ana ganin kowane sashe na lamba yana jefa 'yar inuwarsa a kan farantin da ke bayansa. Ban taɓa tsammanin zai shiga sahun hotunan da na fi so ba.

Masu hannaye duk ina tsayar da su a goma da minti goma, kamar yadda aka saba. Hannayen suna rungumar sunan da ke ƙarƙashin sha biyu, ba sa rufe kwanan wata a uku, ba sa rufe rubutun shida. Seiko ɗin injin 7S26 ne da shi, wanda hannun sakan ɗinsa ba ya tsayawa in an ja maɓallin gefe. Sai na bar shi a ajiye kamar kwana biyu har ƙarfinsa ya ƙare, na saita lokacin, na ɗauke shi a kwance a hankali, don ɗan girgiza kaɗan ya isa ya tashe shi.

11 ga Janairu, 2025

Na juya babban agogon na koma ga injinsa. Unitas 6497 asalinsa na agogon aljihu ne, faɗinsa milimita 36.6, duwatsu 17, bugu 18,000 a awa, wato biyar a sakan. Komai nasa manya ne, shi ya sa makarantun koyon gyaran agogo suke fara ɗalibai da shi, kuma shi ya sa yake da daɗin ɗauka.

Nan na fara tara hotuna. Ana ɗaukar hoto da yawa, kowanne a matsa gaba kaɗan, sannan manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ta tsince wurin da ya fito tas a kowanne ta haɗa su. Wasu sababbin kyamarori suna yin wannan matsawar da kansu, amma sai da lensi mai mota a ciki. Da tsohon lensi aikin na hannu ne. Na ɗora kyamarar a kan layin dogo mai sukuru, ina matsawa ƙasa da kaurin da lissafi ya ba ni, don kowane hoto ya hau kan na bayansa. In an yi tsalle, wani yanki zai fito a dushe a tsakiyar hoto mai kaifi, kuma ba ya gyaruwa sai an sake daga farko. Dole injin agogon ya kasance ba ya aiki, haske kuma kada ya canza, shi ya sa na bar hasken taga na koma fitila.

Abin da ya fito ya biya wahalar. Duwatsun nan jajaye yaƙutu ne na haɗi, irin wanda ake narkawa tun da Auguste Verneuil ya bayyana hanyarsa a 1902. A ido ɗigo ne ja. A 1:1 kowanne yana da ɗan kwarmi a tsakiya, ga kan sandar ƙarfe ya leƙo, ga zoben mai ya kewaye shi, siriri, yana sheƙi. A ɗaya daga cikinsu zoben ya cika. A na kusa da shi ya ja baya, gefensa ya yi duhu. Hoton ya faɗa mini lokacin kai agogon wanki da sabon mai ya yi, tun kafin lokacinsa ya fara ɓaci. Bakin ramin wani sukuru kuma ya ɗan tauye, alamar wani ya taɓa kwance shi da sukudireban da bai yi masa daidai ba.

Na kuma ɗauki wilin da ke kai da komowa yana cikin aiki. Da shata ta lantarki sandunansa sun fito a lanƙwashe, domin ana karanta sensa layi-layi daga sama zuwa ƙasa, shi kuma bai tsaya jira ba. Da na koma shata ta ƙarfe a rabin sakan, wilin ya zama da'irar zinariya mai hayaƙi-hayaƙi a tsakiyar ƙarfen da ke tsaye cak. Wannan na ajiye.

Gargaɗi ga mai son gwadawa: ƙananan fitilu da yawa suna da maganaɗisu a gindinsu. Kada su kusanci agogo mai inji. In siririn sifirin ɗin wilin ya kama maganaɗisu, zagayensa suna mannewa, agogo ya kama gudu.

25 ga Janairu

An ara mini lensin Tamron SP 90mm f/2.5, wanda ya fito a 1979, shi ma iyakarsa 1:2. Ribarsa tazara. Mafi kusancinsa santimita 39 daga sensa, na 55 kuwa wajen 24. Wannan ƙarin filin ya ba ni damar shigar da takarda da kwali ta gaba ba tare da lensi ya tare hanya ba, inuwarsa a gilashi ma ta ƙanƙance. Amma ya yi wa ƙaramar kyamarar nauyi, yana rinjayar ta gaba. Na bar shi ga hoton agogo sukutum da maɗaurinsa. Aikin ciki na 55 ne.

8 ga Fabrairu

Tsohon agogon Suwizalan na bari a ƙarshe da gangan. A ƙasan fuskarsa an rubuta T SWISS MADE T. Harafin T yana nufin an shafa wa hannaye da ɗigon awoyi sinadarin tiritiyam don su haska da dare. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka yanzu ba ya haska komai. Abin da ya rage launi ne, ruwan ƙasa mai haske, kuma a kusa ana ganin ya tsattsage kamar busasshen tabo a bakin tafki. Ban buɗe shi ba, ta gilashi na ɗauka. Waɗanda suka fi shi tsufa ma, masu radiyam, bai kamata kowa ya buɗe su don hoto ba, domin radiyam yana shekara 1,600 kafin ya ragu da rabi, kuma ƙurarsa ce haɗarin. Seiko ɗin kuwa fentinsa na zamani ne da ke shan haske ya mayar. Na haska shi da tocila, na kashe fitilu, na bar guda can nesa don jikin ya ɗan bayyana, na buɗe shata na 'yan sakanni. Koren ya fito, ƙarfen bai ɓace ba.

Gilashin tsohon na roba ne mai tudu, cike da karce. Haske daga sama yana ɓoye su, haske daga gefe yana tashin kowanne. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin goge su a kwamfuta aikin minti kaɗan ne. Ga matsayar da na ɗauka: ƙurar da ta sauka yau zan share, don ba ta cikin agogon. Karce, tsatsa, fentin da ya tashi, sukurun da aka tauye, duk suna nan. Wani ya ɗaura wannan agogon ya yi aiki da shi shekara da shekaru, kuma ba ni da hurumin in share wannan daga hotonsa. Kowane agogo zai samu hoto biyu na fuska, ɗaya da haske daga sama don a karanta shi, ɗaya daga gefe don a ga abin da ya sha.

Saura gefuna, maɓallan wana agogo, da maɗaurai, waɗanda ban taɓa ba tukuna. Akwai kuma tambarin da aka buga a ƙarƙashin wilin Unitas ɗin, wanda 1:1 bai ishe shi ba. Na yi odar zoben da ake juya lensi da shi, a ɗaura shi ta baki, don in wuce 1:1. Da shi da ƙarin zobba zan gwada a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, kuma sai na rage matakin layin dogon sosai, domin a 2:1 kaurin zai sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na milimita.